Haidarabad: yadda masarautar da bashi ya durƙusar ta gyara baitulmalinta a ƙarƙashin Turawan Ingila

Asalin masarautar

Haidarabad tana yankin Dekan ne a tsakiyar kudancin Indiya, kuma a zamanin mulkin mallaka tana cikin manya-manyan masarautun da Turawan Ingila suka bari da sarakunansu. Nizamul Mulk Asaf Jah, wanda asali gwamnan sarkin Mughal ne a yankin, wato sarkin babbar daular Musulmi ta Delhi, shi ya tsaya da ƙafarsa a 1724, daga nan duk sarkin da ya hau ana ce masa Nizam. Faɗin ƙasar ya kai wajen murabba'in mil 82,000, ƙidayar 1881 kuma ta ba da mutum kusan miliyan 9.8. Gidan sarauta Musulmi ne, yawancin manoma Hindu ne masu jin Telugu da Marathi da Kannada, takardun ofis kuma duk da Farisanci ake rubuta su.

A wancan zamani ƙasar kashi uku take. Akwai wadda harajinta na gwamnati ne a hannun waziri, wanda su suke kira diwan. Akwai ta aljihun sarki shi kaɗai. Sai kuma wadda aka rabawa manyan fadawa da jarumai, wato jagir, su ci harajinta su yi hukunci a cikinta. Ko a ɓangaren gwamnati ma ba ma'aikaci mai albashi ke karɓar haraji ba, gwanjon gunduma ake yi, wanda ya fi ba da kuɗi tun gaba shi ake miƙawa, shi kuma ya je ya tatsi abin da ya zuba har da riba, saboda bai san ko baɗi zai kai a wajen ba.

1798 zuwa 1820: inda ciwon ya fara

A 1798 Nizam ya sa hannu a yarjejeniyar kariya da Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, kamfanin kasuwancin da Turawa ke mulkin Indiya ta hannunsa a lokacin. Nizam shi ne ma sarki na farko da ya shiga wannan tsari na Gwamna Janar Wellesley. Sojan kamfani za su zauna a ƙasarsa shi kuma ya biya su. A 1800 aka ce to maimakon biya duk shekara ya ba da ƙasa, sai ya saki yankunan kudu irin su Bellary da Cuddapah gaba ɗaya. A wannan yarjejeniya akwai sharaɗin cewa in yaƙi ya tashi zai taimaka da dakaru 6,000 da mahaya 9,000.

To wannan sharaɗin na lokacin yaƙi shi aka juya ya zama runduna ta dindindin. Razdan Henry Russell, wato wakilin Turawa a fadar Nizam, wanda ya zauna a Haidarabad daga 1811 zuwa 1820, ya ɗauki wasu bataliyoyin Nizam ya tsara su irin na Turawa, hafsoshi Turawa, umarni daga gidan Razdan, amma albashi daga baitulmalin Nizam. Kuɗinta ya riƙa hawa har ya kai wajen rupi miliyan 4 a shekara, ko ana yaƙi ko ba a yi.

Wanda ke riƙe da gwamnati a zahiri a lokacin shi ne Raja Chandu Lal, tun wajen 1808 har 1843. Kujerarsa ta dogara da goyon bayan Razdan, don haka albashin rundunar shi ne abin da ba ya wasa da shi, in kuɗi ya yanke sai ya nufi masu ba da rance. Babban cikinsu bankin William Palmer ne da ke cikin birnin, wanda ke ba da bashi da ruwa kusan 25 cikin 100 a shekara, ana ba shi harajin wasu gundumomi a matsayin jingina.

1820 zuwa 1829: gyaran farko, daga waje

A 1820 aka shirya wani rance na rupi miliyan 6 daga bankin Palmer wai don a biya tsofaffin basussuka a daidaita komai. A shekarar ne Charles Metcalfe ya zo Razdan, da ya duba lissafi sai ya ga yawancin kuɗin ba sabo ba ne, tsohon bashi ne aka sake wa suna aka ɗora masa lada. Ya kai maganar sama duk da cewa masu bankin suna da mutane a gidan Gwamna Janar.

Abu biyu aka yi. Na farko a 1823 kamfani ya biya bashin, amma ba kyauta ba. Da ma yana biyan Nizam rupi 700,000 duk shekara saboda yankin bakin teku na Northern Circars da ya karɓa, sai aka ce an saye wannan haƙƙi har abada da kuɗi dunƙule kusan miliyan 11.6, aka zuba su a bakin masu bin bashi. Bankin Palmer ya karye ba da daɗewa ba. Na biyu Metcalfe ya tura hafsoshi Turawa gundumomi su zauna da ƙauyuka su yanka harajin da za a riƙa biya na 'yan shekaru, su kuma karɓi ƙarar manoma.

Manoma sun ɗan samu sauƙi, amma tsarin bai taɓa kuɗin runduna ba, bai taɓa gwanjon gundumomi daga tushe ba, kuma fada tana kallonsa a matsayin ƙwace mulki. Da Nasirud Daula ya hau a 1829 ya nemi a janye hafsoshin, aka janye, komai ya koma yadda yake, ga kuma rupi 700,000 ɗin nan ta daina shigowa.

1829 zuwa 1853: durƙushewa

Wannan shekaru su ne mafi muni. Gurbin Palmer sai 'yan kasuwar Marwari da Gujarati da Gosain suka cike, tare da shugabannin sojan haya, Larabawan Hadramaut na Yaman da Rohila da Pathan. Shugaban Larabawa, wanda ake kira jamadar, yana bin gwamnati albashin yaransa, kuma shi ɗin dai yana ba ta rance, sai a ba shi gunduma jingina ya zuba masu bindigarsa a ciki. Kamar mai gona ne da ya jinginar da ita ga wanda yake bin sa kuɗin ƙwadago, kowace damina amfanin na tafiya can, bashin kuma bai ragu ba. Irin dukiyar da aka tara ta wannan hanya ba ƙarama ba ce, iyalin jamadar Umar bin Awad al-Ku'aiti da ita suka koma gida suka kafa sarauta a Shihr da Mukalla.

Lissafin gwamnati kuma yana hannun wasu gidaje biyu da suka gaji ofisoshin ajiye takardun haraji, su suka san wa aka bai wa me, waziri kansa sai abin da suka nuna masa. Babu asusu ɗaya da kuɗi ke shiga, mai bin bashi takarda ake ba shi ya je gunduma kaza ya karɓa. Bayan Chandu Lal ya sauka a 1843 aka yi ta canza wazirai, wani lokaci ma a zauna babu waziri, har kayan ado na gidan sarauta sun shiga jingina.

Da albashin runduna ya fara makara sai kamfani ya riƙa biya daga aljihunsa yana rubutawa Nizam bashi da ruwa. Zuwa 1853 lissafinsu ya nuna kusan rupi miliyan 5. Ɓangaren Nizam sun ce ai harajin giya na barikin Sikandarabad da Jalna da Turawa suka yi shekaru suna karɓa ya kamata a cire daga ciki, ba a saurare su ba. A watan Mayu 1853, lokacin Gwamna Janar Dalhousie, aka sa Nizam ya miƙa Berar da yankin Raichur da Dharaseo, ƙasar da harajinta ya kai miliyan 5 a shekara, don a riƙa biyan rundunar da aka tsayar a dakaru 5,000 da mahaya 2,000 da rukunin igwa huɗu. Berar ita ce ƙasar audugar masarautar. Kwanaki kaɗan bayan sa hannu waziri Sirajul Mulk ya rasu.

1853 zuwa 1857: sabon waziri

Aka naɗa ɗan ɗan'uwansa, Mir Turab Ali Khan, wanda aka fi sani da Salar Jang, yana da shekara 24. Masu zuga a naɗa shi da yawa sun ɗauka yaro ne za su juya.

Bai fara da korar kowa ba. Abin da ya fara nema shi ne 'yan kasuwa su yarda da maganar gwamnati, ya ci bashi kaɗan da ruwa mai sauƙi ya biya a ranar da ya ce, da haka ruwan da ake yanka masa ya riƙa sauka. Kuɗin da ya samu sai ya riƙa fanso gundumomin da ke hannun Larabawa da Pathan ɗaya bayan ɗaya, a zauna a yi lissafi, a biya wani kaso yanzu, sauran a tsara shi kashi-kashi. Duk gundumar da ta dawo harajinta na zama kuɗin fansar ta gaba. Sojan haya da za a iya sallama ya biya su ya sallama, manyan jamadar kuwa ya ja su a jiki, saboda su ke da bindiga a cikin birni kuma yana buƙatarsu.

Gundumar da ta dawo ba a sake gwanjonta. Tun tsakiyar shekarun 1850 ya fara tura jami'ai masu albashi, su karɓa su kawo duka, abin da za su ci albashinsu ne. Ya buɗe baitulmali ɗaya a birni inda kuɗi zai fara shiga kafin a fitar, wannan ya rage ƙarfin gidajen da suka gaji takardu ba tare da an rushe ofisoshinsu ba. A 1854 kuma aka buɗe makarantar Darul Ulum don a samu yaran da za su iya aikin ofis.

1857 zuwa 1860: boren Indiya

Nasirud Daula ya rasu a Mayu 1857, daidai lokacin da boren da aka yi wa Turawa ya ɓarke a arewacin Indiya, ɗansa Afzalud Daula ya hau. Jama'ar birni da yawa zuciyarsu na tare da masu bore. Ranar 17 ga Yuli 1857 Turrebaz Khan da Maulvi Alauddin suka jagoranci hari kan gidan Razdan, aka fatattake su. Salar Jang ya tsaya da Turawa, ya sanar da su abin da ake shiryawa, ya sa Larabawansa gadin ƙofofin birni. Wannan ya jawo masa ƙiyayya, an nemi kashe shi a 1859, an sake a 1868.

Ladan ya zo a yarjejeniyar 1860. Aka yafe bashin miliyan 5, aka mayar da Raichur da Dharaseo, aka ƙara wa Nizam ƙaramar masarautar Shorapur wadda sarkinta ya shiga bore. Berar dai aka riƙe, da alkawarin cewa rarar harajinta bayan an cire kuɗin runduna da na gudanarwa za ta riƙa zuwa Haidarabad. Shekara ɗaya bayan haka yaƙin basasar Amurka ya tashi, farashin auduga ya yi tashin gwauron zabi, Berar tana hannun Turawa.

A wannan tsakanin ne aka cire sunan sarkin Mughal daga kuɗin masarautar aka fito da sabuwar rupi da ake kira Hali Sikka, aka fara rufe ƙananan wuraren buga kuɗi na gundumomi. Kafin nan manomi zai biya haraji da wani irin kuɗi a canza masa da wani, duk canji kuma shi ake cuta.

1864 zuwa 1875: kafa tsari

Yankunan da suka dawo a 1860 sun yi shekara bakwai ana gudanar da su da rajista da rasit irin na Turawa, Salar Jang bai rushe wannan ba, ya ma mayar da shi abin koyi. A 1864 ya kafa hukumar haraji ta tsakiya. A 1865 aka yi abin da suke kira zilabandi, wato aka yanka ƙasar gwamnati gunduma-gunduma da iyaka a rubuce, kowace da babban jami'i da mataimakansa da masu kula da ƙananan yankuna, duk kan albashi, da baitulmalin gunduma da ke aika lissafi birni. Bayan shekara biyu aka haɗa gundumomin ƙarƙashin manyan sassa biyar. Ita hukumar harajin ba ta daɗe ba, ta zama wajen jinkiri da jayayya, aka rushe ta aka mayar da aikin ofishin da ke ƙarƙashin waziri kai tsaye.

Wanda ya san tarihin En'e a ƙasar Hausa zai ga kama, lokacin da aka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumominsu, aka kawar da jakadu, aka buɗe baitulmali tun daga Katsina zamanin Sarki Dikko aka sa kowa kan albashi. Bambancin shi ne a Haidarabad ɗan ƙasa ne ya tsara abin, kusan shekara 40 kafin namu.

Duk wannan aiki yana yin sa ne sarki ba ya ƙaunarsa. Afzalud Daula ya nemi tsige shi a farkon shekarun 1860, an sake samun rikici a 1867 har ya ajiye aiki, sau biyun Razdan ne ya sa baki ya dawo. Ko fita daga birni ba ya yi sai da izini, kaga mutum yana tsara gundumomin da yawancinsu bai taɓa takawa ba. Sai 1869 da sarkin ya rasu ya bar Mahbub Ali Khan, yaron da bai cika shekara uku ba, aka naɗa Salar Jang da Amiri Kabir na gidan Paigah, babban gidan fadawan Nizam, a matsayin masu riƙon ƙwarya, sannan hannunsa ya saku. A ƙarshen shekarun 1860 ya raba aiki gida huɗu, shari'a da haraji da 'yan sanda da sauran ayyuka, ya ɗora samarin manyan gidaje a kai da sakatarori ƙwararru a ƙarƙashinsu, manya sun samu girma, aikin kuma yana hannun wanda ya iya.

A 1875 aka buɗe ma'aikatar safiyo irin ta lardin Bombay, a auna gona a duba irin ƙasarta a yanka mata haraji da sunan manomin. Tsohon tsarin raba amfanin gona a masussuka, inda hatsi ke zaune har sai jami'i ya zo ya auna, aka mayar da shi biyan kuɗi. Layin dogo daga Wadi zuwa Sikandarabad an buɗe shi a 1874, masarautar ce ta ɗau nauyinsa, duk da cewa amfaninsa na farko haɗa barikin Turawa ne da babban layin Bombay zuwa Madras.

1876 zuwa 1883: abin da ya ƙi

Berar ce a ran Salar Jang. Ya rubuta takardu, ya yi tayin ajiye kuɗi dunƙule da ribarsu za ta biya rundunar don a sakar masa ƙasar, aka ƙi. A 1876 ya tafi Ingila da kansa, a hanya ya faɗi a matakalar otal a Faris ya karye a cinya, ya isa Landan a haka. An karrama shi, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa, ya ga Sarauniya Victoria, maganar Berar kuwa aka ce a bari sai yaron sarki Mahbub Ali Khan ya girma.

Gwamnatin Gwamna Janar Lytton a Indiya ta ji haushin yadda ya tsallake ta. Da Amiri Kabir ya rasu a 1877 aka ƙaƙaba wa Salar Jang abokin hamayyarsa Vikarul Umara a matsayin abokin riƙo, aka kori sakatarensa Bature mai suna Oliphant daga ƙasar. Duk wannan ana cikin yunwar 1876 zuwa 1878 da ta ci Dekan, wadda ta cinye kuɗi a ayyukan agaji da yafe haraji.

Sai matsalar ma'aikata. Sabon tsari na son wanda ya iya lissafi da dokokin Turawa, sai ya ɗauko mutane daga arewacin Indiya irin su Sayyid Husain Bilgrami da Mahdi Ali da Chiragh Ali. Sun yi aiki sosai, amma kowa ya zo sai ya jawo nasa, 'yan ƙasa suka ga an mayar da su 'yan kallo. Rikicin ɗan ƙasa da baƙo, a bakinsu ɗan ƙasa shi ake ce wa "mulki", daga nan ya samo tushe kuma ya bi yankin har bayan 'yancin kan Indiya. Ƙasar jagir da ta aljihun sarki kuwa zilabandi da safiyo ba su shige su yadda ya kamata ba.

Salar Jang ya rasu ranar 8 ga Fabrairu 1883 da cutar kwalara, bayan kusan shekara 30 a kujera.

1884 zuwa 1902: bayansa

A Fabrairu 1884 aka damƙa wa Mahbub Ali Khan cikakken mulki, ɗan Salar Jang ya zama waziri, a zamaninsa Urdu ya maye gurbin Farisanci a ofis, amma a 1887 ya sauka bayan saɓani da sarki. Gundumomi da baitulmali da safiyo sun ci gaba da aiki. Kashe kuɗin fada da nauyin ribar da aka lamunce wa kamfanin jirgin ƙasa na Landan suka sake matse asusu, a 1901 aka kawo Bature Casson Walker ya riƙe harkar kuɗi. A 1902 Gwamna Janar Curzon ya sa Nizam ya ba da hayar Berar har abada kan rupi miliyan 2.5 a shekara, a 1903 aka haɗe ta da lardunan tsakiya na Indiyar Turawa.

Me ya yi aiki, me ya hana sauran

A ganina gyaran Metcalfe ya faɗi ne saboda ya biya bashi da kadara ya bar ramin da kuɗi ke zurarewa a buɗe, kuma waɗanda suka yi aikin baƙi ne da sa hannu ɗaya ya isa ya kwashe su. Na Salar Jang ya tsaya saboda ya bi abin a jere, amana da 'yan kasuwa tukuna, sannan fansar ƙasa, sannan albashi da baitulmali ɗaya, sai daga ƙarshe iyakoki da safiyo. Da ya fara da safiyo a 1853 gonakin da zai auna suna hannun masu bindiga. Kuma ya samu shekara 30, abin da babu wazirin da ya samu bayan Chandu Lal. Akwai wani abu mai ɗaci da dole a faɗa, ƙwace Berar duk da zaluncin da ke ciki ya ɗauke albashin runduna daga wuyan baitulmali, wannan ya ba shi sararin numfashi da magabatansa ba su samu ba.

Iyakar gyaran kuma daga inda ƙarfinsa ya fito take. Turawa sun kare shi daga sarkinsa muddin yana gyara ofis da haraji, ranar da ya nemi ƙasar da aka karɓe sai suka ɗaure masa hannu. Manyan gidaje ma ya saye haɗin kansu ne da barin jagir ɗinsu, wanda ke nufin manomin da ke wannan ɓangare, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, bai ga rasit ba bai ga safiyo ba, ya ci gaba da aikin tilas da suke kira vetti. Wannan ne ya fi damuna a duk labarin, domin jikokin waɗannan manoma su ne suka ɗau makami a Telangana, yankin masu jin Telugu na masarautar, a 1946, kuma jagir bai tafi ba sai 1949, shekara ɗaya bayan sojan Indiya sun shiga Haidarabad.